Garin da ake biyan mutum ya tuge ciyawar ƙofar gidansa

Duk wanda ya ji za ka Las Vegas, caca ce ke fara zuwa masa a rai, sai fitilu da manyan otal-otal. Suna nan kuwa, a jere a kan titi guda mai tsawon kusan kilomita bakwai. Sai dai mutum sama da miliyan 2 da ke zaune a wannan kwari ba a kan titin suke kwana ba. Unguwanni gare su irin na kowa, da makarantu da asibitoci da masallatai da coci-coci. A cikin waɗannan unguwanni ake wani aiki da ya tsaya mini a rai fiye da duk fitilun: ana tuge koriyar ciyawa mai rai, wadda aka kashe kuɗi aka shuka, ana loda ta a mota ana kaiwa juji, hukuma kuma tana biyan mai gidan da ya tuge.

Zumunci ne ya kai ni, wurin wani yayana, ɗan wan mahaifina, da ya daɗe yana aikin jinya a can tare da iyalinsa. Wata safiya muna wucewa ta wani shataletale muka tarar da leburori da wani inji mai wuƙa a ƙasa. Injin yana yanko ciyawar da saiwarta da 'yar ƙasar da ke jikinta, su kuma suna naɗewa suna jefawa a bayan tipa.

Na ce, “Yaya, ita wannan ciyawar me ta yi musu?”

Ya ce, “Ruwa take sha, ƙanena. Kuma ka duba da kyau, ba mai taka ta sai mai yankan ta.”

Daga baya na lura wannan ita ce maganar da ke bakin kowa a garin, tun daga ma'aikatan hukumar ruwa har masu gyaran lambu. Ciyawar da ba mai taka ta sai mai tura injin yanka, ita ake nufi da ciyawar ado, ita kuma ake farauta.

Sai ka san labarin ruwan garin za ka gane dalili. Las Vegas tana cikin hamadar Mojave, ruwan saman da take samu a shekara bai wuce kimanin milimita 100 ba, kusan daidai da Agadas. Kano kan samu ninkin wannan sau bakwai ko fiye. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da garin ke sha daga Tafkin Mead ake jawo shi, wato ruwan Kogin Kolorado da madatsar Hoover ta tare tun shekarun 1930. Jihohi bakwai na Amurka da ƙasar Meksiko ne ke cin kogin nan. Lokacin da aka yi rabon, a shekarun 1920, Las Vegas ɗan ƙaramin zangon jirgin ƙasa ne; ƙidayar 1930 mutum dubu biyar da 'yan kai ta samu a garin. Don haka kason jihar Nevada, inda garin yake, bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Da wannan kason ake shayar da birnin yau, da baƙi kusan miliyan 40 da ke shigowa duk shekara.

Mun je bakin madatsar. Abin da ido ke fara kamawa shi ne wani farin zane da ya zagaye duwatsun tafkin, mai tsayin bene hawa da yawa, alamar inda ruwa ya taɓa kaiwa. Fari ya kama kogin tun shekarar 2000. A watan Agusta na 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana ƙarancin ruwa a kogin, karo na farko a tarihi, a watan Yuli na 2022 kuma tafkin ya sauka zuwa kimanin kashi 27 cikin 100 na cikarsa, har jiragen ruwan da suka nutse shekaru da yawa da suka wuce suka fito fili a kan taɓo.

Akwai wata dabara a tsarin ruwan garin wadda ita ce ta sa ciyawa a gaba. Kusan duk ruwan da aka yi amfani da shi a cikin gida, na wanka da wanki da bayan gida, ana tace shi a mayar da shi tafkin, kuma duk litar da aka mayar ana ba garin izinin ɗebo wata a madadinta. Baƙon da ya daɗe a banɗakin otal bai rage wa garin komai ba. Ruwan da aka fesa a waje kuwa, rana ta shanye ko ƙasa ta tsotse, ya tafi ke nan. Kimanin kashi 60 cikin 100 na ruwan yankin a waje yake ƙarewa, mafi yawansa a kan shuke-shuken ado. Hukumar Ruwa ta Kudancin Nevada ta yi lissafi cewa murabba'in ƙafa ɗaya na ciyawa yana shan galan 73 a shekara, kuma in aka musanya shi da shuke-shuken hamada ana tsirar da galan 55. Galan 55 duro guda ke nan, irin wanda ake tara ruwa a ciki a gidajenmu, a kan wurin da bai fi ka ɗora tafin ƙafafunka biyu ba.

Ita shimfiɗar ciyawar nan baƙuwa ce a hamada. Asalinta gidajen attajiran Ingila ne na ƙarni na 18, inda yayyafi ba ya yankewa, kuma barin fili ba noma ba kiwo alama ce ta wadata. A 1830 Edwin Budding ya ƙera injin yankan ciyawa, abin ya sauko hannun masu matsakaicin ƙarfi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka gina sababbin unguwanni a bayan biranen Amurka, kowane gida da koren fili a gabansa, har ya zama wanda bai yanke tasa ba maƙwabta na yi masa kallon marar tarbiyya. Wani bincike da Cristina Milesi ta jagoranta a 2005 ya ƙiyasta cewa filin da ciyawar ado ta rufe a Amurka ya ninka gonakin masarar da ake yi wa ban ruwa sau uku. Mutanen da suka ƙaura zuwa Nevada daga jihohin damina sun taho da wannan ɗabi'a. Mu ma ta hannun Turawan Ingila muka san ta, a gidajen GRA na Kaduna da Kano da Jos, yanzu kuma ga ta a Abuja ana shayar da ita da ruwan rijiyar burtsatse a tsakiyar rani.

Hukumar ruwan ba a wa'azi kawai ta tsaya ba. Tun 1999 ta fara biyan kuɗi a kan kowane murabba'in ƙafa da aka tuge, farashin yana hawa har ya kai dala 3 a 2018, daga baya ma aka ƙara wa gidajen zama. A 2003 aka hana shuka ciyawa a gaban sababbin gidaje. An raba gidaje rukuni-rukuni, kowa da ranakun ban ruwansa: kwana ɗaya a mako lokacin sanyi, uku a tsaka-tsaki, da zafi kuma an hana fesa ruwa daga ƙarfe 11 na safe zuwa 7 na yamma, ranar Lahadi kuwa ba ban ruwa sam. Akwai jami'ai masu sintiri a mota tun asuba. In suka ga ruwa na kwarara daga gidanka zuwa kwata, su ɗauki hoto su bar maka gargaɗi, in ka maimaita tara ta biyo ka a takardar kuɗin ruwa. A watan Yuni na 2021 Gwamna Steve Sisolak ya sa hannu a dokar da ba jihar da ta riga Nevada yin irinta: daga farkon 2027 ba za a ƙara shayar da ciyawar ado da ruwan Kolorado ba a tsakiyar tituna, da gaban ofisoshi da kantuna, da filayen haɗaka na unguwanni. Dokar ba ta shafi gidan mutum na kansa ba, ba ta kuma taɓa filayen wasa da wuraren shaƙatawa da maƙabartu ba. Kalifoniya ta yi tata a 2023. Zuwa yanzu an tuge sama da murabba'in ƙafa miliyan 200, kuma ruwan Kolorado da yankin ke sha ya yi ƙasa da na 2002 duk da ƙarin dubban ɗaruruwan mutane.

Wannan duk labarin tugewa ne. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ake shimfiɗawa bayan an tuge, domin a nan gidaje suka rabu.

Da yamma, in rana ta yi sanyi, nakan zaga unguwar su Yaya a ƙafa. Wasu gidajen tsakuwa ce zalla, ja ko ruwan ƙasa, da 'yan tsirrai masu ƙaya nan da can. Ido ba ya ƙin su, amma in ka ratsa ta gabansu bayan magariba za ka ji zafi na bugo ƙafafunka daga ƙasa, domin dutse ya yini yana tara rana, sai dare yake amayar da ita. Garin da zafinsa ya kai digiri 49 a ranar 7 ga Yuli 2024 ba ya buƙatar ƙarin wannan. Wasu kuma ciyawar roba suka shimfiɗa. Kore ce shar ko yaushe, ba yanka ba taki, amma da tsakar rana ba yaron da zai taka ta ba takalmi, kare ma ba ya kwanciya a kai, kuma in ta tsufa juji za ta. A ganina waɗannan gidaje biyu sun sauke nauyin ruwa sun ɗauki na zafi, kuma na'urar sanyaya ɗaki ce ke biyan bambancin.

Hukumar ma ta san da haka, shi ya sa kuɗinta da sharaɗi. Sai jami'inta ya zo ya ga ciyawar kafin ka taɓa ta. Sai shuke-shuke masu rai sun isa rufe aƙalla rabin wurin idan suka girma. Sai an cire famfon feshi an sa tiyo mai ɗigo, wanda ke zuba ruwa a gindin kowace shuka. Ba a yarda a shimfiɗa ledar da ruwa ba ya ratsawa a ƙarƙashin tsakuwa ba. Sannan ka sa hannu cewa ba za a mayar da ciyawa wurin ba, ko da gidan ya canja hannu.

Gidajen da suka fi burge ni su ne waɗanda suka ba tsirrai masu yaɗo dama. A bakin tituna da gangaren gadoji an fi shuka wata 'yar dangin bagaruwa daga Ostireliya, wadda maimakon ta miƙe sama sai ta kwanta, gindi ɗaya ya rufe faɗin mita uku ko fiye. A gaban gidaje lantana mai rarrafe ta fi yawa, 'yar Kudancin Amurka, mai fure ruwan shanshanbale tun daga bazara har sanyi ya shigo. Sanyi kan ƙone ta, a datse ta, ta sake tohowa. Akwai daliya mai yaɗo, 'yar hamadar Chihuahua, mai ganye ruwan toka, wadda duk inda reshenta ya taɓa ƙasa sai ya yi saiwa. Dangin wake ce, don haka ba ta neman takin zamani. Akwai damiyanita mai fure ruwan ɗorawa da ƙamshi in ka murza ganyen, da rozmari mai kwanciya daga gaɓar Bahar Rum, wanda matar gida ke tsinka ta sa a nama. Gazaniya da wasu masu kaurin ganye daga Afirka ta Kudu suna da kyau a watan Maris da Afrilu, amma na ga da yawa sun ƙone inda rana ta yamma ke dukan su kai tsaye. Duk waɗannan na kallo ne da rufe ƙasa. Ba wanda za ka shimfiɗa darduma a kansa.

Wanda ya fi kusa da maye gurbin ciyawa shi ne abin da matar Yaya ta shuka a rabin bayan gidansu, ana ce masa Kurapia. Wani masani a Jami'ar Utsunomiya ta Japan, Hitoshi Kuramochi, shi ya inganta shi daga wani tsiro mai yaɗo da ke fitowa da kansa a ƙasashen zafi. Ba ya yin iri, don haka ba ya tsallakawa daji, amma kuma dole dashensa za ka saya, ƙanana-ƙanana a faranti, ka dasa da tazarar kamu biyu. Cikin 'yan watanni sai su haɗe su zama shimfiɗa guda da ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba, da ƙananan fararen furanni. Saiwarsa tana nitsawa ƙasa sosai, shi ya sa yake jure ƙishi. Na taka shi ba takalmi da rana tsaka, da sanyinsa.

Na ce, “Hajiya, wannan ai kin huta.”

Ta ce, “Hutu da sauƙi dai, Malam. Shekarar farko kullum ina tsugune ina cire ciyayi da hannu kafin ya haɗe. Ga ƙudan zuma in ya yi fure, sai na sa an aske furen saboda yara. Da sanyi kuma launinsa kan dushe. Amma ban ƙara sayen man inji ba, kuɗin ruwa kuma ya sauka.”

Ta nuna mini wani lungu kusa da katanga inda wasu siraran ganyaye ke leƙowa. Na gane su tun kafin ta faɗa: kiri-kiri ce, wadda Amurkawa ke kira ciyawar Bermuda, tana cikin manyan ciyayin da aka shimfiɗe garin da su. Duk manomin da ya taɓa fama da ita a fadama ya san halinta. In ka bar gutsuren saiwa ɗaya a ƙasa, ta dawo. Shi ya sa masu aikin ke cewa a kashe ta da zafi, lokacin da take tsiro sosai, a shayar da ita ta yi kore sannan a fesa magani, a jira, a sake. Wanda ya yi gaggawa ya zuba tsakuwa a kanta zai shekara yana tsintar ta a tsakanin duwatsu.

Mai gyara musu lambu wani dattijo ne ɗan asalin Meksiko, ya fi shekara ashirin a wannan sana'a a garin. Da na tambaye shi ko tuge ciyawa ya rage masa aiki, sai ya girgiza kai. Ya ce aikin ne ya sauya. Da yanka ne duk mako, yanzu datsa ne a kan lokaci, da busa busasshen ganye daga cikin tsakuwa, da bin tiyo ɗigo-ɗigo, domin ruwan garin yana da gishirin dutse mai toshe ƙofofin, kuma shuka ba ta nuna maka ta toshe sai ta fara bushewa. Ga zomaye da ke cinye sabon dashe. Ga ƙasar kanta, wadda a wurare da yawa in ka haƙa kamu ɗaya ko biyu sai ka tarar da farin tsandauri da sai da injin fasa dutse.

Amma abin da ya fi damun sa itatuwa ne, kuma tun da ya faɗa mini na riƙa ganin abin a ko'ina. Itacen da ya girma a tsakiyar ciyawa ya saba shan ruwan da ake fesa mata. Saiwoyinsa sun bazu sama-sama a ƙarƙashin duk filin. In aka tuge ciyawar aka rufe famfo, aka sa masa ɗigo biyu ko uku a gindi, an yanke masa abinci ke nan. Ba nan take yake mutuwa ba. Sai ya shekara biyu ko uku yana zubar da rassa daga sama, mai gida yana zaton cuta ce. Gyaran ba wuya: a zagaye shi da tiyo har zuwa inda inuwarsa ta tsaya. Amma ɗan kwangilar da aka biya a kan yawan murabba'in da ya tuge ba lallai ya tsaya yin wannan ba. Na ga layin manyan itatuwa a bakin wani rukunin gidajen haya, rabinsu sun bushe a tsaye a cikin sabuwar tsakuwa, abin ya ba ni takaici ƙwarai. Ciyawa a wata uku take dawowa, inuwar itace kuwa sai an yi shekara ashirin ana jira. Hukumar ta ƙara wani tukuici a kan kowane sabon itace da aka dasa, kuma hakan daidai ne, sai dai dashe ba ya maye gurbin babba nan kusa.

Wannan ya fi ciwo a gabashin garin, inda masu ƙaramin ƙarfi suka fi yawa, itatuwa suka fi ƙaranci, mutane kuma ke tsayuwa jiran bas a rana. Mai gidan kansa a unguwar masu hali yana iya fitar da kuɗi ya ɗauki gwani ya tsara masa lambu, ya jira hukuma ta mayar masa da wani abu. Ɗan haya ba a tambayar sa. In mai ginin ya zaɓi tsakuwa mafi araha da mafi ƙarancin shukar da sharaɗi ya yarda, shi da 'ya'yansa ne za su zauna a cikin zafin.

Akwai wani lambun koyarwa a tsakiyar garin, Springs Preserve, da aka buɗe a 2007 a kan wurin da maɓuɓɓugan ruwan da suka kafa garin suke kafin a ƙafar da su da famfo. A nan na ga tsarin da ya fi kwanta mini: itacen hamada mai sakakkiyar inuwa a sama, masu yaɗo a ƙarƙashinsa, ɓawon itace a kan ƙasa maimakon dutse, da 'yar hanyar ƙafa ta dandaɓaɓɓiyar ƙasa. Inuwar tana kare masu yaɗon, su kuma suna hana ƙasa yin zafi da bushewa, tiyo ɗaya na shayar da su duka. Tsakar gidanmu ta gargajiya, shararriyar ƙasa da darbejiya ko mangwaro a tsakiya, ta riga ta kama rabin wannan hikima. A kudancin Amurka ma, kafin ciyawa ta mamaye ko'ina, baƙaƙen fata na karkarar Georgia da Alabama share tsakar gida suke yi da tsintsiya a ƙarƙashin itatuwa, al'adar da masana irin su Richard Westmacott suka danganta da Afirka ta Yamma. Abin da Las Vegas ta ƙara shi ne rufe wuraren da ba a takawa da abu mai rai, don ƙura da zafi.

A bayan gidan su Yaya akwai sauran ciyawa, 'yar murabba'i da ba ta fi faɗin ɗaki ba. Doka ba ta ce su tuge ta ba. Shi yana son a bar ta, domin nan yaran ke buga ƙwallo, kuma Kurapia ba zai jure takalman 'yan ƙwallo kullum ba. Ita kuma ta ce yaran sun kusa girma, filin unguwa na nan kusa, in dai za a zuba ruwa a wurin gara a zuba wa abin da za a ci. Ta riga ta gwada kuɓewa da yakuwa a tukwane, sun yi, har ta ba ni saƙon irin rama da alayyafo, in an samu mai zuwa da takardar da jami'an kwastan za su yarda da ita.